Jirgin sama ba inji, kuma haɗin gida: gaskiya ce ko siddabaru?

Shin mutum zai iya haɗa jirgin sama a bayan gidansa da katako da gam da yadi, ya shiga shi kaɗai ya tashi, alhali ko injin babur babu a jikinsa? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a majalisun 'yan Arewa mazauna Legas, daga teburan masu shayi na Agege har Idi-Araba da Alaba Rago. Bidiyo iri biyu ne ke tayar da ita a WhatsApp da TikTok. Na farko namu ne na gida: matashi ya tara kwano da rodi, ya yi waldar wani abu mai siffar jirgi, ya ɗaura masa injin janareto da farfela, jama'a sun kewaye shi ana ta "gwamnati ta dubi yaron nan". Na biyu daga ƙasashen waje yake zuwa: farin jirgi siriri mai dogayen fukafukai, mutum ɗaya a kishingiɗe a ciki, a ja shi da waya ya ɗaga, ya saki wayar, ya yi ta shawagi ba ƙara ba hayaƙi. Na farkon kowa ya yarda jirgi ne, tallafi kawai ya rasa. Na biyun kuwa da yawa cewa suke yi haɗin kwamfuta ne.

Lamarin a juye yake. Na biyun shi ne jirgin gaske, kuma an shafe fiye da shekara ɗari talakawa na haɗa irinsa a gareji da ɗakin ajiya. Na farkon da wuya ya bar ƙasa ko da an ɗora masa injin tirela.

Me ke riƙe jirgi a sama?

Jirgin da ba shi da inji shi ake kira gilaida. Kafin a gane shi sai an kawar da wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane, wato cewa inji ne ke ɗaga jirgi. Aikin inji tura jirgi gaba ne kawai. Mai ɗagawa fiffike ne. Idan fiffike mai doro a sama, mai kauri a gaba da tsini a baya, ya ratsa iska da gudu, yakan karkatar da iskar ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Duk abin da zai sa fiffiken ya ci gaba da ratsa iska ya wadatar, inji ne ko wani abu daban.

A wajen gilaida, wannan abu daban nauyinsa ne. Mai keken da ya hau kan gada ya ɗauke ƙafa daga feda yana gangarowa da gudu ba tare da ya tuƙa ba. Haka gilaida yake: kullum hancinsa a ɗan sunkuye, yana gangarowa a hankali, gangarowar ce ke ba shi gudu, gudun kuma ke ba fiffike ƙarfin riƙe shi.

Saboda haka ma'aunin kyawun gilaida shi ne nisan da zai ci kafin ya sauko mita ɗaya. Wani tsohon jirgin koyo na Jamus mai suna SG 38 mita 10 yake ci a kowace mita ɗaya. Da za a sake shi daga tsayin mita 1,000, iska a kwance, zai yi kilomita 10, bai kai tsawon gadar Third Mainland ba, wadda ta kusa kilomita 12. Cherokee II, jirgin katako na haɗin gida daga Amurka, mita 23 yake ci, wato daga wannan tsayin zai kai kusan nisan Agege zuwa Obalende in an ja layi miƙaƙƙe. Na zamani da ake yi a masana'anta da zaren gilas da na kabon suna cin 40 zuwa 60, akwai ma wani mai suna Eta, mai faɗin fukafukai kusan mita 31, da ake lissafa masa wajen 70.

Manyan jiragen fasinja ma ba faɗowa suke yi kai tsaye ba idan inji ya mutu. A ranar 23 ga Yuli 1983 mai ya ƙare wa wani Boeing 767 na Air Canada yana sama, matuƙinsa Robert Pearson, wanda dama gwanin gilaida ne, ya gangaro da shi ya sauka a tsohon filin sojan sama na Gimli a Kanada, ba wanda ya mutu. A watan Janairu 2009 Chesley Sullenberger ya sauke jirgi mai mutum 155 a kan kogin Hudson a New York bayan tsuntsaye sun kashe masa injina biyu, kowa ya tsira.

To in kullum saukowa yake, yaya yake yin sa'o'i a sama?

Nan ne kan zancen, kuma amsar tana yawo a samanmu kullum. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mayanka ko bola da hantsi ya ga shirwa da ungulu suna zagaye wuri ɗaya, fukafukai a buɗe ba kaɗawa, amma sai ƙara nisa suke yi har su zama ɗigo. Rana ce ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iska mai zafi ta yi sama. Tsuntsun yana saukowa a cikin iskar, amma iskar tana hawa da saurin da ya fi saukowarsa. Gilaida mai kyau yana saukowa ƙasa da mita ɗaya a daƙiƙa. In ya samu iskar da ke hawa mita uku a daƙiƙa, ya ci ribar mita biyu. Sai ya yi ta zagaye a cikinta har gindin gajimare, ya fita ya miƙe, ya nemi wata a gaba. Matuƙan gilaida kan bi tsuntsaye da ido don su gane inda take, kuma guguwar da muke gani tana murɗa ƙura a filayen Arewa da bazara alama ce ta irin wannan iska mai ƙarfi.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Iskar da ta bugi tsauni dole ta hau shi, jirgi sai ya yi ta kai da komo a gefen tsaunin. Sannan a bayan manyan duwatsu iska kan yi toroƙo mai hawa sama ƙwarai. Da wannan ne Bajamushe Klaus Ohlmann ya yi tafiyar kilomita 3,008 a yini ɗaya a Ajantina a watan Janairu 2003, kuma da shi ne jirgin Perlan 2 ya haura ƙafa 76,000 a watan Satumba 2018, kusan ninki biyu na tsayin da jiragen fasinja ke bi.

Tashin farko kuwa sai an taimaka masa. Ko dai ƙaramin jirgi mai inji ya ja shi da igiya, ko mota ta ja shi a dogon fili, ko wani inji da ke zaune a ƙarshen fili ya naɗe doguwar waya da sauri. A zamanin da, mutane ne ke jan igiyar roba su harba shi daga kan tudu.

Fiffike ya riga inji

Masu tarihin Andalus sun ambaci Abbas bin Firnas, masanin Ƙurɗuba na ƙarni na 9, wanda aka ce ya ɗaura fukafukai ya tashi ya yi ɗan nisa, amma ya ji ciwo a baya wajen sauka domin bai yi wa kansa wutsiya ba. Labarin ya fi shahara ne ta hannun al-Maƙƙari, wanda ya rubuta shi bayan kusan shekara 700, don haka a riƙe shi da taka-tsantsan. Amma maganar wutsiyar daidai take da abin da masana suka tabbatar daga baya.

A Ingila, George Cayley ne ya fara raba aikin jirgi gida-gida: fiffike ya ɗaga, wutsiya ta daidaita, turawa kuma wani abu daban ya yi ta. A 1853 gilaidansa ya ɗauki mutum ya haye da shi wani ɗan kwari. Bayansa Otto Lilienthal na Jamus ya yi tashi kusan 2,000 tsakanin 1891 da 1896, har tudu ya tara da ƙasa mai tsayin mita 15 a gefen Berlin don ya riƙa tsalle daga kai. A watan Agusta 1896 gudu ya ƙare wa jirginsa a sama, ya rikito, ya rasu washegari.

'Yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, masu shagon keke ne a Dayton ta jihar Ohio. Kowa ya san sun tashi da inji ranar 17 ga Disamba 1903. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sun yi 1900 da 1901 da 1902 suna gwajin gilaida zalla a rairayin Kitty Hawk. Da na 1901 ya ƙi ba su abin da lissafi ya nuna, ba inji suka nemo ba. Akwati suka haɗa mai fanka a baki, suka yi ta gwada ƙananan fukafukai a ciki har suka gano siffar da ta dace. Sai da suka iya juya jirgi da daidaita shi a iska sannan suka ɗora inji. Matasanmu kuwa ta inji da fenti suke farawa, fiffike ya zo a ƙarshe, shi ma don a ce ga kamannin jirgi.

Takunkumin da ya haifi sana'a

Bayan yaƙin duniya na farko, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗaure hannun Jamus wajen ƙera jirage masu inji. Ɗalibai da tsofaffin matuƙa suka koma kan wani tsauni mai suna Wasserkuppe, inda aka fara gasar gilaida a 1920. Da farko daƙiƙoƙi da 'yan mintuna ake ƙirgawa. A 1922 wani jirgin ɗaliban Hannover mai suna Vampyr ya yi fiye da sa'a guda a sama.

Daga nan aka samu zane-zanen da kowace ƙungiya za ta iya haɗawa a shagon kafinta. Zögling na Alexander Lippisch, na 1926, kujera ce kawai a kan sanda, fiffike a sama, iska na dukan matuƙi ta ko'ina. Grunau Baby na Edmund Schneider, na 1931, mai kujera ɗaya, faɗin fukafukansa mita 13 da rabi, nauyinsa ba kowa a ciki wajen kilo 170, an haɗa kusan 6,000 a ƙasashe da dama, da yawa daga takardun zane da ake saya. Gwamnatin Hitler ta karɓe harkar daga baya ta mai da ita makarantar share fagen matuƙan yaƙi, wannan ma yana cikin tarihin.

Akwai wani labari daga yaƙin duniya na biyu da zai ba Bahaushe dariya. Fursunonin Birtaniya da aka tsare a gidan sarautar Colditz a Jamus sun haɗa gilaida a ɓoye a saman rufi don su gudu da shi. Katakon gado da na daɓe suka yi amfani da shi, suka rufe jikin da yadin jakar barci, suka dafa gero daga cikin abincinsu suka shafe yadin da shi don ya toshe ƙofofin zare. Sojan Amurka sun 'yantar da su a watan Afrilu 1945 kafin su gwada shi. Shekaru da yawa bayan haka aka haɗa irinsa bisa zanensu, ya kuwa tashi. Kunun gero da katakon gado sun yi aiki ne domin lissafin da ke bayansu daidai yake, mutanen suna da littafin ƙirar jirgi a hannu.

Zamanin gareji

Bayan yaƙi, Amurka ce ta zama cibiyar haɗin gida. A 1953 Paul Poberezny ya kafa ƙungiyar masu haɗa jirgi da kansu, EAA, wadda har yau take taronta na shekara a Oshkosh. Doka ta ba su gurbi: in mutum ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, don ilimi ko nishaɗi, hukuma za ta zo ta duba, ta ba shi takarda a rukunin jiragen gwaji, ya yi sa'o'in gwaji a keɓaɓɓen wuri.

A wannan gurbi ne injiniya Stan Hall ya fito da Cherokee II a 1956, katako da yadi, an tsara shi don mai kayan aikin kafinta na yau da kullum. Richard Schreder ya bi ta alminiyam da jerin jiragensa masu suna HP, yana sayar da su gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa, kuma shi da kansa ya ci gasar ƙasa da su. A 1978 Jim Maupin ya fito da Woodstock, wanda ya yi da katakon da ake samu cikin sauƙi don ya rage tsada, nauyinsa kilo ɗari da 'yan kai, yana cin mita 24. Shi da Irv Culver suka sake yin Carbon Dragon mai nauyin kilo 66 kacal, abin da bai kai buhun siminti ɗaya da rabi ba. Sun yi hakan ne saboda wata doka ta 1982 da ta ce gilaida mai kujera ɗaya da bai kai kilo 70 ba ba ya buƙatar rajista ko lasisi a Amurka. Dokarsu ce, ba tamu ba, kuma nan ne masu kallon YouTube daga Nijeriya ke ruɗewa.

Me ya sa kujera ɗaya? Ƙarami ne, ya fi sauƙin nauyi da araha, yana shiga gareji, kuma in abu ya lalace ran maginin ne kaɗai a ciki. Amma wannan yana da nasa tarko: ba wurin malami. A yau ba a koyon tuƙi a jirgi mai kujera ɗaya, balle wanda ba a taɓa gwadawa ba. Ana koyo ne a mai kujera biyu, a ƙungiya.

Harkar ta yi sanyi tun da jiragen zaren gilas suka shigo, daga Phönix na 1957 zuwa gaba. Sun fi na katako nesa ba kusa ba, kuma sayen tsoho ya fi sauƙi a kan shekarun da mutum zai ɓata yana fiƙe katako. Masu yi yanzu don sha'awa suke yi.

Abin da ke cikin fiffike

Da za a yaye yadin fiffiken gilaida na katako, abin da za a gani galibi fili ne. Doguwar sanda ɗaya ta taso daga gindin fiffike zuwa ƙarshensa, ita ce ƙashin baya, duk nauyin jirgin a kanta yake. A jikinta an jera haƙarƙari, kowane an haɗa shi da 'yan siraran sanduna da ba su fi fensir kauri ba. Magini kan kafa ƙusoshi a kan allo bisa zanen, ya lanƙwasa sandunan a tsakaninsu, ya manna 'yan gutsattsarin filawud a kowace mahaɗa, ya bari ya bushe, ya cire, ya sake wani. Haka zai yi gommai. Gaban fiffiken kuma ana naɗe shi da filawud siriri, kaurin milimita ɗaya zuwa biyu, don kada fiffiken ya murɗe. Sauran a rufe da yadi, a ɗame shi, a shafe.

Katakon ƙashin baya ba kowane ba ne. Ana son mara kulli, mai jijiya miƙaƙƙiya, busasshe sosai, shi ya sa aka fi amfani da wani itacen ƙasashen sanyi mai suna sifurus. Wanda ya je kasuwar katako ta Mushin ya ce a ba shi "mai ƙarfi", iroko za a miƙa masa, ƙarfin yana nan amma nauyin zai kashe aikin. Muna da obece mai sauƙin nauyi, masu ƙananan jiragen wasa ma na amfani da shi, amma laushinsa ya sa ba a dogara da shi a ƙashin baya. Abin sha'awa, wani filawud da masu jirage ke amfani da shi a Turai daga itacen okume na Gabon ake yin sa.

Gam shi ne rai. Farin gam na kafinta ba ya wannan aiki, yana saki in ya sha laima da zafi. Tsofaffin jirage sun yi amfani da gam da ake samu daga madara, shi ma danshi kan ruɓar da shi, yanzu gam na zamani mai suna ifoksi da makamantansa ake sawa. Magini na gari duk lokacin da ya kwaɓa gam sai ya manna wasu 'yan katako biyu a gefe, ya rubuta kwanan wata. In sun bushe ya sa guduma ya fasa. Idan katakon ne ya tsage, gam ya yi. Idan daga layin gam suka rabu, duk abin da ya manna ranar sai an sake.

Sannan gwajin da ban taɓa gani a bidiyon matasanmu ba. Jirgi a sama ba nauyinsa kaɗai yake ɗauka ba. In ya yi kwana mai tsanani ko iska ta doke shi, nauyin kan ninka, shi ya sa ƙa'idar Turai ta gilaida ta ce fiffike ya jure fiye da ninki biyar. Jirgin da ya kai kilo 200 da matuƙinsa, fukafukansa za su ɗauki wajen tan guda ke nan, buhun siminti 20. Sai a kifa fiffiken a kan jakai na katako, a riƙa jera buhunan yashi ɗaya bayan ɗaya, wani na tsugune da ma'auni yana duba yadda ƙarshensa ke lanƙwasa, kowa ya yi tsit ana sauraron ko katako zai yi ƙara. In an sauke buhunan dole ya koma yadda yake.

Na ƙarshe shi ne inda nauyi ya taru. Dole ya faɗa wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na faɗin fiffike daga gaba. In ya koma baya, hanci zai ɗaga, gudu ya ƙare, jirgi ya juya ya rikito. Shi ya sa ake auna matuƙi, in ba shi da jiki a sa masa dalma a ƙarƙashin kujera. Na'urorin ciki kuwa kaɗan ne: ta gudu, ta tsayi, da wadda ke nuna hawa ko sauka. Akwai kuma ɗan zaren ulu da ake mannawa a gilashin gaba, in ya karkace matuƙi ya san jirgin a kaikaice yake tafiya.

Me ya sa na kwano ba ya tashi?

Lissafi ne mai sauƙi. Grunau Baby da matuƙinsa wajen kilo 250 ne a kan fiffike mai faɗin murabba'in mita 14, kowace mita na ɗauke da ƙasa da kilo 18, don haka gudun kilomita 50 a sa'a ya ishe shi ya ɗaga. A ce jirgin rodi ya kai kilo 500 a kan fiffike mai murabba'in mita 5. Kowace mita na ɗauke da kilo 100, kuma ko da siffar fiffiken daidai take sai ya kai wajen kilomita 130 a sa'a kafin ya motsa daga ƙasa. Da shimfiɗaɗɗen kwano kuwa abin ya fi haka muni. Rashin tashinsa ma rahama ce, domin da ya tashi ba abin da zai daidaita shi.

Legas fa?

Wajen haɗawa, Legas na da abin da ba kowane gari ke da shi ba: tashar ruwa da kaya ke shigowa, kasuwannin ƙarfe da alminiyam irin Owode Onirin, masu walda da kafintoci, da injiniyoyin gyaran jirgi a Ikeja. Wajen tashi kuwa kusan ba inda ya fi ta rashin dacewa. Iskar teku mai sanyi da danshi tana kashe iskar zafi mai hawa, gajimare a ƙasa-ƙasa yake yawancin shekara, hunturu ya zo da hazo. Ba tudu. Danshin kuma abokin gabar katako ne da gam.

Babbar matsalar ita ce sarari. Mazauna Agege da Mafoluku da Shasha sun san yadda jirage ke bi ta kan rufinsu zuwa filin Murtala Muhammed, wannan sama ba a shiga cikinta sai da izinin masu kula da zirga-zirgar jirage. Ga shi gilaida ba ya fasa sauka ya sake zagayowa, in tsayi ya ƙare dole ya sauka a inda yake. Wanda ya ga abin da ya faru a Iju-Ishaga ranar 3 ga Yuni 2012, da jirgin fasinja ya rasa ƙarfin injinansa biyu ya faɗa cikin unguwa, mutum 153 da ke ciki suka rasu har da wasu a ƙasa, ba sai an yi masa bayanin rashin fili a garin nan ba.

Yanayin da gilaida ke so a Arewa yake: rana mai zafi, busasshiyar iska, gonaki a share bayan kaka, da tsaunuka irin na Filato. Irin wannan yanayi ne ke kai Turawa Bitterwasser ta Namibiya duk shekara. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a halin tsaron da ake ciki, sauka a dajin da ba ka sani ba wani haɗari ne na daban.

Masu yabo, masu suka, da doka

Masu cewa a tallafa suna da hujja. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa helikofta da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarfe, jaridun duniya suka ɗauka, aka yi ta magana, daga baya ta lafa. Basira da naci suna nan. Masu cewa ganganci ne su ma ba su yi ƙarya ba: farfelar katako da aka fiƙe da ido in ta tsinke a cikin taro, yaran da ke kallo za ta samu. Za ka ji dattijo na ce wa matashi, "Ɗana, jirgin naka in ya tashi a kan rufin wa zai sauka?" Tambaya ce ta gaske.

A ganina duka ɓangarorin sun saki reshe. Kuɗi ba za su sa rodi ya yi sauƙi ba, dariya kuma ba ta koya wa kowa lissafi. A duk tarihin da muka bi, ba wanda ya yi shi shi kaɗai: zane ne da aka gwada, da ƙungiya, da mai dubawa, da fili. Ko ranar tashi sai da mai riƙe fiffike, da mai jan waya, da mai ba da alama. Kwame Nkrumah ya gane haka, ya buɗe makarantar gilaida a Afienya ta Ghana a farkon shekarun 1960 ƙarƙashin Bajamushiya Hanna Reitsch, ta bar ƙasar bayan juyin mulkin 1966. A Afirka ta Kudu, kamfanin Jonker na Potchefstroom ya fito da gilaida mai suna JS1 a 2006, yanzu jiragensa na cin gasar duniya. Mu ma ba baƙi ba ne ga haɗin gida: Air Beetle, jirgin koyo da aka haɗa guda 60 a Kaduna don sojan saman Nijeriya, daga RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi, jirgin da mutane ke haɗawa a garejinsu a Amurka.

Ta fuskar doka, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, NCAA, ce ke rajistar jirgi, ta ba shi lamba mai farawa da 5N, ta tabbatar da lafiyarsa, ta ba matuƙi lasisi. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta ce mai neman lasisin gilaida ya kai shekara 16, ya yi aƙalla sa'a shida a sama da tashi da sauka 20. A ƙasar da ko ɗan jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto sai an nemi izini, wanda ya ɗaga jirgi mai ɗauke da mutum ba takarda ya san da jami'an tsaro zai haɗu.

Matashin da abin ke ransa da gaske, hanyarsa ta fi arha fiye da yadda yake zato. Ya fara da ƙaramin gilaida na soso mai tauri ko obece mai faɗin mita ɗaya, ya jefa shi a filin ƙwallo, ya matsar da nauyi gaba da baya har ya ga yadda hancin ke amsawa. Daga nan ya nemi zanen da wasu suka riga suka tashi da shi, akwai irin su Goat na Mike Sandlin, na bututun alminiyam da yadi, wanda mai shi ya sa zanensa kyauta a intanet. Ya riƙa ɗaukar hoto da rubuta kowane mataki a littafi, domin shi mai dubawa zai fara tambaya. In kuwa sana'a yake so ta ci da kai, wannan hannun da ya iya manna haƙarƙari da auna nauyi shi ake nema a sashen gyaran jirgi na kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964.